Malam Ɗanliti, Mai Zubin da Ba Ya Amsa Sallama

Idan aka idar da sallar asuba a Ruwan Godiya, jama'a kan tsaya a ƙofar masallaci su gaisa, kowa ya ji yadda ɗan'uwansa ya kwana. Malam Ɗanliti yana cikin masu daɗewa a wannan tsayuwa. Yakan bi dattawa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ƙafar wannan, ya tambayi saniyar wancan da ta ƙi cin abinci, sai ya ga ya sallami kowa sannan ya saɓa mayafinsa ya nufi bayan gari, inda rumfarsa take a gefen gonar surukinsa. Ya kamata a fara da wannan, domin mutumin da za a yi magana a kansa ya yi suna ne, daga Ƙanƙara har Sabuwa, a kan cewa ba ya amsa sallama.

Abu na farko da yake yi a rumfar shi ne ya durƙusa gaban tulin yashi, ya damƙi cikin hannu, ya matse, ya buɗe tafin. In yashin ya riƙe shatin yatsunsa, ya kuma rabu biyu tsaf da ya karya shi, to ya yi. In ya ruguje, a yayyafa ruwa. In ya manne masa a hannu, a baza shi ya sha iska. Daga nan sai ya ɗauko samfurin da ya sassaƙa da itace, yau na cibiyar ƙafar amalanke, gobe na tayar garmar shanu, jibi na hannun famfon tuƙa-tuƙa. Ya binne shi a akwatin yashi, ya daddaɓe, ya zare shi a hankali ya bar gurbinsa. A cikin wannan gurbi ake zuba narkakken ƙarfe. Abokin aikinsa Gide, wanda suka yi ƙuruciya tare, yana can gefe da guduma yana farfasa matattun injuna. Haka mako yake tafiya har ranar Alhamis, ranar da ake hura tanderu.

Bana Malam Ɗanliti ya ajiye ludayin zubi. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan kuma ya daina rarrabe launin ƙarfe idan ya narke, mai zubi kuwa da launi yake gane zafi. Ba wanda ya ce masa ya bari. Shi ya faɗa da bakinsa, ya miƙa wa Gide ludayin. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Shi ba ɗan gidan maƙera ba ne, a cikin noma aka haife shi. Tun kafin 'yancin kai ya tafi Kaduna ci-rani, ya sami aikin ɗaukar yashi a wata masana'antar zubin ƙarfe, ci-ranin ya zarce ya zama zama. Daga ɗaukar yashi ya koma haɗa akwati, daga nan ya kai ga riƙon ludayi. Da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasa, lokacin da duk wani saurayi mai ƙarfi a ƙauye yake neman motar da za ta kai shi birni, shi sai ya juyo gida. Abin da ya juyo da shi kuwa, ya zo hutu ne da kaka ya ga amalanku a jingine a gindin itatuwa, sababbi, fentinsu ko gogewa bai yi ba. Kaya suna ta shigowa daga waje, kayan gyaransu ba sa biyo su. Cibiyar ƙafa ta fashe, shi ke nan amalanke ya zama wurin kwanan kaji. A dawa kuma ga taraktoci da injunan ban-ruwa sun mutu an bar su, ciyawa ta fito ta cikinsu. Ya ga ƙarfen da za a narka a zube, ya ga masu bukata a tsaye.

Surukinsa Alhaji Mani, mahaifin matarsa Suwaibatu, babban manomin auduga ne mai faɗa a ji. Shi ya yanka masa fili aro a gefen gonarsa. Malam Ɗanliti ya haɗa gangunan mai ya yi tanderu, ya shafe cikinsa da farar ƙasar Ƙanƙara wadda ke jure wuta, ya nemi gawayin ƙirya, ya ɗaura fanka a jikin ƙaramin inji a maimakon zuga-zugi. Ya kuma zo da wata ƙaramar ganga daga Kaduna, rufaffiya ruf, wadda ba ya bari kowa ya buɗe.

Abin da ke cikin gangar dunƙule-dunƙule ne masu launin toka, da ɗan ƙyalli kamar azurfa inda suka fashe. Suna da nauyi a hannu, amma guduma ɗaya ke farfasa su. A masana'anta sunansa silisayid. Haɗi ne na silikon, wato sinadarin da ya fi yawa a jikin yashi, da baƙin ƙarfe, da wasu ma'adinai masu wuyar tacewa irin su seriyam da lantanam, dangin ɗan dutsen nan da ke ba da tartsatsi a cikin layita. Daga ƙasashen waje ake kawo shi. Ba ya son danshi. In ya sha raɓa sai ya fara ruɓushewa yana wani wari kamar na tafarnuwa, shi ya sa gangar ba ta kwana a buɗe.

Amfaninsa kuwa, sai an san halin ƙarfen zubi. Ƙarfen zubi yana ɗauke da gawayi a jikinsa. Idan ya huce haka nan, gawayin kan kwanta a ciki fale-fale kamar ɓawon gyaɗa, kowane ɗaya tamkar tsaga ce da ke jiran ranarta. Shi ya sa ƙarfen yake da tauri amma ba shi da juriya. Bugu ɗaya mai kyau, sai ya dare. Idan aka jefa ɗan silisayid a ludayi, yakan kama farar wuta da sauran dattin da ke cikin ƙarfen ya taso da su sama a kwashe, gawayin kuma sai ya dunƙule ya zama 'yan ƙwayoyi. Ƙarfen da ya fito a haka yakan lanƙwashe kafin ya karye. In ka rataye shi ka ƙwanƙwasa, ƙararsa takan yi tsawo kamar ta ƙararrawa, ba irin ta fasasshiyar tukunya ba. In kuma aka zuba fiye da kima, ƙarfen ya yi fari fat, ya yi taurin da ko zarto ba ya cinsa, ya fi na farko saurin fashewa.

Suwaibatu ce ta raɗa masa suna. Ranar da mijinta ya yi mata wannan bayani tana gyaran wake, sai ta ce, "Yo ai kanwa ce. Kaɗan ta sa wake ya yi laushi, ta yi yawa ta ɓata tukunya." Tun daga ranar ba wanda ya sake wahalar da harshensa. Kanwar ƙarfe ake ce masa har yau a ƙasar Faskari.

Sai dai kanwar tana da sharaɗi guda, kuma a kansa duk wannan labari ya rataya. Ƙarfinta ba ya jira. Daga lokacin da ta narke a ludayi take fara gushewa, ko da ƙarfen yana nan da zafinsa. Ƙarfe zalla ana iya ajiye shi a rufe da toka ya ɗan jira. Mai kanwa kuwa, in aka yi jinkirin da bai wuce na doguwar gaisuwa ba, akwatunan ƙarshe za su sami ƙarfen da ya koma halinsa na da, ido kuma ba zai gane ba. Cibiyar za ta fito sumul, a ɗaura ta a amalanke, a loda auduga, sai ranar da aka zo gangaren rafi ta nuna abin da ke cikinta.

Ga shi kuma ludayin mutum biyu ke ɗaukarsa, da dogon mariƙi, ɗaya gaba ɗaya baya. Wanda ke zubawa in ya waiga, ludayin ya bi wuyansa. A Kaduna Malam Ɗanliti ya ga abin da narkakken ƙarfe ya yi wa ƙafar wani mutum saboda abokin ɗaukarsa ya ji an kira sunansa ya juya. Don haka ya kafa wa kansa doka: daga jefa kanwa har akwati na ƙarshe ya cika, bakinsa a ɗaure yake da jiƙaƙƙen ƙyalle, idonsa yana bakin ludayi, ba ya jin kowa, ba ya amsa wa kowa. Ya san mutanensa. A nan ba a amsa sallama a tsaya nan. Wanda ya ce wa alaikumus salam ya buɗe ƙofar ina kwana, ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa, kuma in babba ne sai an ajiye abin hannu an durƙusa.

Manoma sun yi gunaguni da farko, daga baya aikin ya rufe musu baki. Wani mai suna Bilya daga Tafoki ya ba da labarin yadda shanunsa suka firgita a gangare, amalanke ya kife da lodin auduga yana ƙarƙashi. Ƙafar ta murɗe, cibiyar ta lanƙwashe, amma ba ta saki ba, ita ta tokare kayan har aka zaro shi. Ya kawo cibiyar a kafaɗa har rumfa, ba don a gyara ba, don a gani. Matan Damari kuma sun san hannun famfon da aka sa musu bayan na asali ya karye sau da yawa. Yara sun yi lilo a kansa har sun girma sun bari.

A shekarar da ta biyo bayan ƙarin albashin Udoji, ana dab da shiga kaka, Alhaji Mani ya yi baƙi. Abokan tafiyarsa aikin Hajji ne, dattawa daga Sabuwa, masu shanu da amalanku. Bayan sun ci sun sha, ya ce su zo ya nuna musu abin da mijin ɗiyarsa yake yi a gonarsa. Ranar Alhamis ce. Shi bai taɓa zuwa ranar zubi ba, hayaƙin ba ya yi wa ƙirjinsa daɗi. Suka iso ƙofar rumfa daidai lokacin da aka jefa kanwa, farin haske ya tashi daga ludayi.

"Salamu alaikum," in ji Alhaji Mani.

Fanka tana ta kuka. Malam Ɗanliti da Gide suka ɗaga ludayi suka nufi akwati na farko.

Alhaji Mani ya ƙara ɗaga murya. "Salamu alaikum!"

Gide ya ce daga baya shi ya ji, ya kuma san muryar. Ya dubi bayan abokinsa ya ga ko gezau, sai ya bi shi. Alhaji Mani ya yi ta uku, wannan karo har da suna. Suka wuce ta gabansa da ludayi, kusa da har sai da baƙin suka ja da baya saboda zafi, mijin ɗiyarsa bai ko ɗaga ido ba.

Ɗaya daga cikin baƙin ya gyara hularsa ya ce, "Alhaji, ko dai kurma ka ba ɗiyar taka?"

Aka yi 'yar dariya. Alhaji Mani bai yi ba. Ya juya, baƙinsa suka bi shi. Kafin la'asar ya aika aka taho da Suwaibatu gida, mace mai 'ya'ya har da na aure, ya kuma aika wa Malam Ɗanliti cewa bayan kaka ya kwashe tarkacensa daga gonar.

Malam Ɗanliti ya wanke jikinsa ya tafi. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a ƙofar zaure, ya daɗe a nan kafin a ce ya shigo. Ya ba da haƙuri ba tare da ya kawo hujja ba. Alhaji Mani ya bar shi ya gama, sannan ya ce:

"Ɗanliti, ni na ba ka ɗiya, na ba ka wuri. Ban taɓa tambayarka ko ƙwayar hatsi ba. Yau gaban mutanen da munka yi ɗawafi tare, na yi maka sallama har uku, ka maishe ni kututture."

"Na yi laifi, Baba."

"To, abu guda nika so. Ka ce mani in na sake zuwa na yi sallama, za ka aje abin da ke hannunka ka amsa. Ka faɗi haka, ka tashi ka tafi da matarka."

Magana ce da kowa zai iya faɗa ya wuce, tunda ba lalle tsohon ya sake zuwa ranar zubi ba. Malam Ɗanliti ya sunkuyar da kai ya ce:

"Baba, in kanwa ba ta shiga ba, ko wuta ke cin rigata zan aje in amsa. In ta shiga, ba ni iyawa. In na ce maka zan iya, na yi maka ƙarya."

"Tashi ka ba ni wuri," in ji Alhaji Mani.

Makonnin da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi ba. Garin ya rabu. Wasu suka ce zaman birni ne ya cire masa kunya. Wasu suka ce ai dama abin nan na cikin ganga ba a banza yake ba, akwai abin da aka gindaya masa, in ya yi magana aikin ya warware. Masu fili a bakin hanya, da ya je neman inda zai koma, kowa ya ce sai ya yi shawara, domin ba mai son ya shiga tsakanin Alhaji Mani da fushinsa. Auduga kuma ta fara fashewa a gonaki, manoma suna ta kawo fasassun cibiyoyi suna tarawa a ƙofar rumfa.

Gide ne ya kawo shawarar da ta fi sauƙi. Suna zaune kan tulin ƙarfe ya ce, "Kai dai ka cika tsauri, wallahi. Mu bar kanwar nan mana. Mu zuba ƙarfe zalla kamar kowa. Wanda ya yi sallama mu aje, mu rufe da toka, mu gaisa har da tambayar kaji. Wa zai gane?"

"Gangaren Tafoki zai gane," in ji Malam Ɗanliti.

"To ka zauna da gangaren Tafoki ya riƙa yi maka tuwo."

Ya zauna ɗin. Ya ci gaba da zubi kowace Alhamis, da kanwa, bakinsa a ɗaure. Kowace safiya kuma yakan je ƙofar gidan surukinsa ya durƙusa ya yi gaisuwa, a amsa masa a taƙaice ko a ƙi, ya tashi ya tafi aiki. Bai aika kowa biko ba, bai kai ƙara wurin kowa ba.

Liman Sanusi, limamin garin, shi ya shiga maganar ba tare da an kira shi ba. Ya sami Alhaji Mani ya ce masa a ilmance amsa sallama wajibi ne, amma idan jama'a ce aka yi wa, mutum ɗaya ya amsa ya ɗauke wa saura. Wanda kuma hannunsa ke cikin abin da zai iya cutar da wani, ba a ɗora masa. Alhaji Mani ya ce, "Malam, ni ba hukunci na tambaya ba. Mutuncina anka zubar." Liman bai yi gardama ba. Ya ce to abu ɗaya yake roƙo: tunda wurin nasa ne, kuma ya yanke a tashi, ya je ya zauna ya ga abin da zai tasa, tun daga farko har ƙarshe, ko sau ɗaya. Ya je da wuri, kafin a hura wuta, a gaishe shi yadda ya kamata.

Suwaibatu ta ƙara nata daga bayan ƙyaure. An ce cewa ta yi, "Baba, ka je. In ka dawo ka ce in zauna, na zauna. Amma ni na san mutumin nan, ko ni ce na faɗi a ƙofar rumfar nan ba ya waigowa sai ya gama. Kuma da ya waigo da na raina shi."

Ranar Alhamis Alhaji Mani ya je, shi da Liman. Malam Ɗanliti ya taro su tun daga bakin gona, ya durƙusa, aka yi gaisuwa mai tsawo wadda ɓangare ɗaya ne ke yawan magana a cikinta. Ya shimfiɗa musu tabarma a ƙofar rumfa ta inda iska ke kore hayaƙi. Aka hura wuta. Aka daɗe. Da ƙarfe ya fara gangarowa ja-fari, ya zo ya sake durƙusawa ya ce, "Baba, zan sa kanwa." Ya ɗaure bakinsa ya koma.

Hasken ya tashi. Suka ɗaga ludayi. Tsohon yana kallon yadda ƙafafun mutum biyu ke tafiya kamar na mutum ɗaya, da yadda tartsatsi ke sauka dab da yatsun Gide.

Ana cikin haka sai ga wani manomi daga Damari, ya sha tafiya, da fasasshiyar cibiya ɗaure a bayan keke. Baƙo ne, bai san dokar wurin ba. Ya jingine keke, ya leƙa cikin rumfa, ya ɗaga murya.

"Salamu alaikum, masu aiki!"

Ba amsa. Liman ya dubi ƙasa, ya ja bakinsa ya tsuke. Ya ce daga baya da gangan ya yi.

"Salamu alaikum!" Mutumin ya matsa zai shiga, daidai hanyar da ludayi zai biyo.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah," in ji Alhaji Mani, da ƙarfi, har da ɗaga sanda ya tare masa hanya. "Kai, dawo nan! Ba ka ganin wuta a hannunsu? Zo nan ka zauna. Daga ina?"

"Daga Damari, Alhaji."

"Sannu da hanya. Ina gajiya? Yaya kunka samu ruwa bana? Zauna, shina zuwa. In ya sa abin nan ba ya magana, ko ni nan ba ya amsa mani."

Ya riƙe baƙon da gaisuwa da tambayar mutanen Damari ɗaya bayan ɗaya har akwati na ƙarshe ya cika. Malam Ɗanliti ya ajiye ludayi, ya kwance ƙyallen bakinsa, ya zo jiƙe da gumi ya durƙusa a gaban tabarma. Alhaji Mani ya dube shi ya ce:

"An gama?"

"An gama, Baba."

"To. Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu," in ji Malam Ɗanliti.

Ba a yi wata magana ba bayan wannan. Da yamma Suwaibatu ta koma ɗakinta, da ƙwaryar fura da mahaifinta ya ce a kai wa masu aiki. Alhamis ta gaba, ba wanda ya gayyace shi, sai ga Alhaji Mani da tabarmarsa a hammata. Ya ce hayaƙin ma ba kamar yadda ake faɗa ba ne. Tun daga lokacin, duk wanda ya yi sallama a rumfar Malam Ɗanliti ranar zubi, daga ƙofa ake amsa masa, kuma amsa mai kyau, domin tsohon ba ya gajiya da gaisuwa. Yanzu ƙafa ta yi masa nauyi, a kan jaki ake kawo shi, amma yana zuwa. Maganar tashi kuwa har yau bai janye ta ba. Da Liman ya tuna masa bara, cewa ya yi shi bayan kaka ya ce, bai faɗi kakar wace shekara ba.

Malam Ɗanliti, kai ne ka dawo lokacin da kowa ke tafiya. Kai ne ka tsince abin da shekarun yalwa suka zubar a dawa, ka narka shi ka mayar wa talaka a ƙafar amalankensa. Na Suwaibatu, mai kanwar ƙarfe. An ba ka zaɓi tsakanin kalma ɗaya ta ƙarya da rasa gidanka, ka ƙi faɗin kalmar, ka kuma ci gaba da zuwa gaisuwa kowace safiya a ƙofar da aka kore ka. Mutane da yawa suna iya ɗaya daga cikin biyun nan. Kaɗan ne ke haɗa su.

Ba ka taɓa sanin yawancin waɗanda ka yi wa aiki ba. Wanda ya sauka gangare lafiya da lodin dawa ba ya komowa ya ce an gode, domin bai san akwai abin da ya kusa faruwa ba. Irin aikinka ke nan: idan ya yi kyau, ba abin da ke faruwa. A madadin waɗannan mutane, na Tafoki da Damari da Sabuwa da ƙauyukan Ƙanƙara, da matan da ke ɗiban ruwa ba su san sunanka ba, muna cewa mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba idanunka sauƙi, Ya sa gumin da ka zubar a gaban wutar nan ya zama sanyi a gare ka ranar da ake bukatarsa. Allah Ya ƙara wa Alhaji Mani lafiya, Ya riƙa wa Gide hannu.

Saura mu. A wannan zamani da kaya suka yi yawa, aka saba da a karɓi aiki a shafa masa fenti a miƙa, akwai direba da birkila da ma'aikacin asibiti da mai haɗa wayar lantarki, kowannensu yana da ɗan lokacin da ran wani ke hannunsa, wanda in ya waiga ba mai ganewa sai daga baya. Wanda ya sami kansa a wannan lokaci, ya yi koyi da Malam Ɗanliti, ya gama tukuna, sannan ya fito ya durƙusa ya ba da haƙuri. Wanda kuma ya iso ƙofa ya yi sallama ya ji shiru, kafin ya yi fushi ya leƙa ya ga abin da ke hannun mutumin. In ya ga wuta ce, ya nemi wuri ya zauna, ya amsa wa na bayansa.